Gwangwani Biyu na Ƙarshe

Asabar, ƙarfe 6:10 na yamma

Na dawo daga gidan rediyo. Na zauna a bakin gado da jakata a kafaɗa, sai da ƙafata ta yi tsami na tuna ban cire takalmi ba. Waya tana ta ruri, na cusa ta a ƙarƙashin matashi.

Ba zan rubuta abin da tela ya ce ba. Duk mai rediyo a garin nan ya ji.

Baba yana da rediyo.

Lahadi, ƙarfe 7:30 na safe

To, bari in rubuta.

Shekara takwas ke nan ni da Dogo muke gabatar da shirin finafinai kowace Asabar da ƙarfe huɗu. Tsarin ba wuya: shi ya yaba, ni in kushe, masu sauraro su bugo waya su raba mu. In fim ɗin na Mai Agogo ne kuwa, layukanmu huɗu duk sai sun cika. Mu muka laƙaba wa daraktan wannan suna, don ba ya fim sai ya rataye tsayayyen agogo a bango. Rabin gari na cewa gwani ne, ba mai riƙe wa ɗan kallo numfashi kamarsa. Ɗaya rabin na cewa mayaudari ne: ya ɓoye maka abin da ya kamata ka sani, ya zaro shi a minti biyar na ƙarshe, wai shi mai basira. Ni ce shugabar rabi na biyu, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Jiya aka zo kan sabon fim ɗinsa, na matar nan mai shagon wanki da guga da mijinta ya ɓace. Muka kai kashi na biyu, inda muke cewa wanda bai kalla ba ya rage muryar rediyonsa. Na gyara zama na ce, "Kamar kullum ne. Wanda ya fi kowa ladabi shi ne mai laifin. Ƙanin mijin ne ya kashe shi, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, agogo ya ci gaba da tsayuwarsa." Na ga Dogo ya zuba min ido yana kaɗa min biro. Na zaci amsa ya rasa, har na yi masa gwalo.

Sai layi na biyu. Tela ne, mai kiranmu duk mako da ƙarar keken ɗinki a bayansa. Ya gaishe mu, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Anti, don Allah ba raini ba, wane fim kika kalla? Ai ba a kashe kowa ba."

Na yi dariya. Dariyar nan ce ta fi ci mini rai. Na ce, "Ko dai kai ne barci ya sace?" Ya ce, "Sau biyu na kalla, Anti. Keken ma tsayar da shi na yi don in ji ki da kyau." Daƙiƙa bakwai ba wanda ya ce uffan. Injiniya ne ya ƙirga, ya gaya min daga baya kamar na tambaye shi. Sannan ya saka talla.

Ranar Alhamis, a haskawar da ake yi wa 'yan jarida, na fita bayan awa ɗaya da minti ashirin. Saura minti arba'in. Ba kirana aka yi ba, ba ciwo nake ba. A fim ɗin ƙanin ya shigo da shayi yana sunkuyar da kai, na ce shi ke nan na gano shi, na ɗauki jakata. Dogo a gaba yake zama, ni kusa da ƙofa, bai ga fitata ba.

Sau ɗaya ne.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Na ɗauki kiran Yaya, don in ban ɗauka ba da ƙafarta za ta zo. Ita ke zaune da Baba.

Na ce, "Ya ji?"

Ta ce, "Ke ma dai. Rediyon a kan cinyarsa yake."

"Me ya ce?"

"Ya ce in kashe, wai batir na ƙarewa. Sabon batir ne, ni na saka masa da safe."

Litinin, ƙarfe 1:15 na rana

Manajan gidan rediyo bai ba ni wurin zama ba. Asabar biyu zan yi a gida, in na dawo in nemi afuwar masu sauraro da bakina. Na ce, "Yallaɓai, kuskure ne." Ya ce, "Kuskure shi ne ki kira jarumi da sunan wani. Wannan ki samo masa suna da kanki."

A baranda na haɗu da Dogo yana kurɓar shayinsa a kofin nan mai tsagaggen baki. Da ya yi min dariya da na samu wanda zan sauke wa. Ina! Sai ya ce a hankali, "Na yi ta kaɗa miki biro fa."

Na ce, "Kai dai ka samu abin da kake so. Shekara takwas kana jira."

Ya ce, "Ni abokiyar faɗa nake so, wadda ta kalla."

Na ce masa ko na kalla ko ban kalla ba, mutumin nasa mayaudari ne, kuma fim goma sha ɗaya sun ishe ni shaida. Ya ce fim na goma sha biyu ake magana. Na ce mutumin da ke ɓoye wa ɗan kallo gaskiya don ya burge shi bai girmama ɗan kallo ba. Na faɗa da ƙarfi, har mai shara ta juyo. Dogo ya leƙa cikin kofinsa kawai. Sai da na sauko ƙasa na ji abin da bakina ya faɗa.

Talata, ƙarfe 10:00 na safe

Na rubuta neman afuwa kala uku. Na farko ya ce "an samu ruɗani". Na biyu ya ce "saboda yawan aiki". Na uku ya fara da tarihin yaudarar Mai Agogo, sai a layi na tara na iso kaina. Duk na yaga.

Abin da nake ta kewayewa shi ne Alhamis.

Baba shekara talatin da ɗaya ya yi yana haska fim a tsohuwar silimar bakin kasuwa, wadda yanzu ake ajiye buhunan siminti a ciki. A zamaninsa fim a gwangwani yake zuwa, kowanne minti ashirin, inji biyu, ɗaya na ƙarewa ya tayar da ɗaya. Har yau ba ya cewa fim awa biyu ne, sai ya ce gwangwani shida ne. Kuma yana da doka ɗaya da ta sa ya sha zagi: ba ya kunna fitilar zaure sai sunan ƙarshe ya haye allo. Mutane su yi ta laluben takalma a duhu suna masa Allah ya isa, shi ko a jikinsa. Ya ce mai ɗinka labule ma ya yi aiki, a bar sunansa ya wuce.

Shekara shida da suka wuce idanunsa suka tafi. Tun daga nan, duk Alhamis in na fito daga haskawa sai in zarce gidansa, in zauna a 'yar kujerar nan ta gefen gadonsa, in ba shi fim ɗin daga farko har ƙarshe. Yana lanƙwasa yatsa ɗaya duk gwangwani. In na yi sauri ya ce, "Uwata, koma baya, wace riga ta saka?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kirana da wani abu ba sai Uwata.

In mun gama sai faɗa. Shi mutumin Mai Agogo ne na gani-kashe-ni. Duk hujjar da na kawo sai ya bari na gama, sannan ya ce, "Wanda ya yi ƙarshen fim ɗin direban motar asibiti ba mayaudari ba ne." Ana bin direban za a kashe mai shaidar da ya ɗauko, sai kawai ya kashe jiniya, ya rage gudu, ya shige cikin motocin mutane, masu binsa suka wuce shi a guje. Ya kai mutumin asibiti, ba wanda ya tambayi sunansa, ya ɗebo ruwa ya wanke cikin motarsa. Baba kan ce, "Ki nuna min mayaudarin da zai kashe jiniya." Nan nake yin shiru kullum.

Ranar Alhamis ɗin nan na zauna a kujerar, na ba shi fim ɗin mai wanki. Ya lanƙwasa yatsa shida. Huɗu na kalla.

Laraba, ƙarfe 2:30 na rana

Na fita sayen sabulu. Mai kanti ya ce, "Anti, yau wa aka kashe?" Na biya na fito, na manta sabulun.

Alhamis, ƙarfe 6:45 na yamma

Na je.

Na tarar da shi a tsakar gida, an fito masa da kujera, rediyon ba ya kusa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya lau, Malama. Ya aiki?"

Malama.

Na ce aiki da godiya. Na jawo 'yar kujerata. Duk hanya ina haddace abin da zan ce, da na buɗe baki sai ga ni ina tambayarsa ko ya sha maganinsa. Ya ce ya sha. Na ce ko a gyara masa matashi. Ya ce ya yi daidai. Ana jin Yaya tana kankare tukunya da ƙarfin da tukunyar ba ta buƙata.

Can na ce, "Baba, maganar ranar Asabar."

Ya ce, "Yau na ɗan gaji. Kya gaida gida."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni. Hannunsa na kan gwiwa, yatsun a miƙe. Na tsaya ina kallonsu kamar wata sakara, har Yaya ta leƙo ta yi min alama in tafi.

Juma'a, ƙarfe 8:00 na safe

Sau ɗaya ne. Mutum bai isa ya yi kuskure sau ɗaya a shekara takwas ba?

Asabar, ƙarfe 5:20 na yamma

Na rantse ba zan saurara ba, ƙarfe huɗu saura biyar ina gaban rediyo.

Sun ba wa mai karanta labarai kujerata. Baiwar Allah ba ta ƙin komai, duk abin da Dogo ya ce sai ta ce "gaskiya ne". Masu kira suka yi faɗan da kansu. Wata malamar makaranta ta ce Mai Agogo ba labari yake bayarwa ba, tarko yake ɗanawa, kuma ita ba ɓera ba ce. Na ce yawwa, ni kaɗai a ɗaki. Wani direba ya ce ai daɗin ke nan, wa zai shiga silima don a gaya masa abin da ya riga ya sani? Wani ya ce matan finafinansa duk kuka suke yi a gaban taga. Wannan maganata ce, tun bara na faɗe ta, ya ɗauka ko kunya babu.

Sai tela. Ba ƙarar keke a bayansa. Ya ce, "Ni dai na kira ne in ba Anti haƙuri. Wallahi ban yi don in tozarta ta ba. Matata ta hana ni sakat tun ranar. Don Allah a dawo da ita, in ba ita shirin ba gishiri."

Na kashe. Mutumin da ya yi gaskiya shi ke ba ni haƙuri a gaban gari. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Litinin, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je silima, haskawar ƙarfe biyu, da ƙaton tabarau kamar mai ciwon ido. Mu tara ne a zauren.

Ba a kashe kowa ba. Mijin da ƙafarsa ya tafi, ya yi wata rayuwa a wani gari. Ƙanin ya sani tun farko, ya ɓoye mata, shi ya sa yake sunkuyar da kai in ya kawo mata shayi. Da ta gane, ba ta yi kuka a gaban taga ba. Ta ɗauko rigar mijin da take gogewa duk mako, ta goge ta sau ɗaya na ƙarshe, ta rataye ta cikin kayan da masu su ba su dawo karɓa ba. Ta ce wa ƙanin, "Shekara biyu ina jiran gawa. Da ka bar ni na ji haushinsa."

Gwangwani na uku har yanzu jan rai ne kawai, kuma kiɗan ya yi yawa. Wannan ba zan janye ba. Amma ƙarshen ya yi kyau, kuma haushin hakan ya kusa kashe ni.

Sunaye na fara hawa suka kunna fitila. Kowa ya fita. Na zauna, masu shara biyu suna tsaye da tsintsiya suna jirana. Na zauna har sunan ƙarshe. Kamfanin da ya ba su aron na'urar guga ne.

Talata, ƙarfe 11:40 na safe

Dogo ya kira. Ashe jiya ya je gaida Baba. Ya san shi tun yana yaro, lokacin da yake haurawa ta katangar silima Baba ya yi kamar bai gani ba.

Ya ce, "Shi ya ce in ba shi fim ɗin. Na fara, yana lanƙwasa yatsu. Muna kai na huɗu ya ɗaga hannu ya ce in tsaya."

Na ce, "Don me?"

"Ya ce sauran biyun ba ni zan ba shi ba."

Na ce masa wa ya aike shi gidanmu. Na ce ya ji da shirinsa da 'yar "gaskiya ne" ɗinsa. Ya ce, "To," ya kashe. Bayan minti goma na tura masa saƙo na ce ya yi haƙuri. Ya turo min hoton biro.

Laraba, ƙarfe 3:10 na rana

Yaya ta biyo ta nan daga kasuwa. Ba ta zauna ba, ta tsaya a bakin ƙofa da ledoji.

Ta ce, "Yana cin abinci, yana barci, kada ki ce na zo tayar miki da hankali. Amma jiya ya tambaye ni wai shekara shida Alhamis nawa ke nan. Na ce ban sani ba, ɗari uku da wani abu. Sai ya yi ta kiran finafinai ɗaya-ɗaya yana magana shi kaɗai. Na mai gidan haya, na tagwayen nan, na lauyan da ya ɓata. Ya kira ya yi shiru, ya kira ya yi shiru."

Na ce, "Me yake nema?"

Ta ce, "Ke za ki tambaya? Mutumin da duk abin da ya gani a shekara shida da bakinki ya gan shi?"

Na ce mata sau ɗaya ne. Ta dube ni irin kallon da take min tun ina 'yar shekara biyar in na ce ba ni na shanye madara ba. Ta ce, "Allah ya sa," ta tafi.

Alhamis, ƙarfe 6:00 na yamma

Ban je ba.

Juma'a, ƙarfe 9:25 na safe

Ba sau ɗaya ba ne.

Huɗu ne. Na mai wanki. Na tagwaye, na fita ana saura gwangwani ɗaya don kaina na ciwo, na karanta ƙarshen a jarida, wannan aƙalla na faɗa masa daidai, sai kalar kaya da na ƙaga. Wani na barkwanci da ba na Mai Agogo ba, ko shi Baba ba zai tuna ba.

Na huɗun shi ne na farko.

Ranar da aka yi masa aikin ido na biyu, ina cikin haskawa Yaya ta kira ta ce likita ya fito, aikin bai yi ba. Na bar zauren a guje. Da yamma ina zaune gefen gadonsa a asibiti, fuskarsa duk bandeji, bai ce komai a kan idon ba, sai ya ce, "Uwata, yau Alhamis. Me mutumina ya yi?" Na ba shi abin da na kalla. Muka kai inda ake bin motar asibitin a kan babban titi, ya lanƙwasa yatsa na biyar yana jira. A daidai lokacin wata motar asibiti ta shigo harabar, direban ya kashe jiniya tun daga ƙofa. Sai na ji bakina yana cewa, "Sai ya kashe jiniya."

Baba ya yi murmushi a ƙarƙashin bandeji. Ranar ban ga laifina ba. Amma shekara biyar da rabi ke nan yana kayar da ni da wannan ƙarshen, ina yin shiru, yana zaton hujjarsa ce ta fi ƙarfina. Ya ba abokansa labarin. Ya ba likitansa. Ni kuwa ban taɓa komawa na kalli ainihin ƙarshen ba, don ina tsoro.

Na farkon yana da dalili. Sauran ukun na yi ne don na ga na farkon ya wuce lafiya.

Asabar, ƙarfe 4:00 na yamma

Ban kunna ba. Na wanke labulaye.

Litinin, ƙarfe 12:50 na rana

Na samo fim ɗin direban, na kalla a kwamfuta, ƙofa a kulle.

Bai kashe jiniya ba. A minti biyar na ƙarshe sai ga shi wai direban ne shugaban masu kisan, tun farko shi ya shirya komai. Aka yi harbe-harbe a kan gada, motar ta kama da wuta, agogo ya faɗo cikin ruwa. Duk abin da nake zagin mutumin nan a kai, ga shi nan a faranti ɗaya. Da a rediyo ne da na yi awa guda ina rawa a kansa.

Na yi nasara ke nan. Na rufe kwamfutar na kifa kaina a kan tebur.

Ba sai na faɗa masa ba. Wa ya sani? Dogo bai taɓa jin Baba ya kawo wannan hujjar ba, abokansa kuwa ba mai kallon fim a cikinsu. In ba shi gwangwani biyun mai wanki, in ce sau ɗaya ne, ya yafe, ya riƙe jiniyarsa har ƙarshen ransa. Wa aka cuta?

Talata, ƙarfe 7:05 na safe

"Da ka bar ni na ji haushinsa." Tun jiya maganar matar nan take bina, har banɗaki. Mai Agogo, Allah ya isa.

Laraba, ƙarfe 10:30 na safe

Na kai wa Manaja neman afuwar. Layi biyu: ban kalli fim ɗin har ƙarshe ba, na yi muku ƙarya. Ya karanta ya juya takardar yana neman sauran. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ce in zauna.

Alhamis, ƙarfe 7:15 na yamma

Na tarar da shi a ɗaki. 'Yar kujerata tana inda take, an ɗora mata kwandon magani. Na sauke kwandon na zauna. Ya ce, "Malama ce?" Na ce, "Ni ce, Baba. Na kawo gwangwani biyu."

Ya lanƙwasa yatsa huɗu ya ɗora hannun a gwiwa.

Na ba shi a hankali. Shayin, wasiƙar da ta samu a aljihun ƙanin, rigar. Ya ce, "Wace kala?" Na ce ruwan toka, maɓalli ɗaya ya fita. Ya lanƙwasa na biyar, ya lanƙwasa na shida. Da na faɗi maganarta ta ƙarshe ya ja dogon numfashi ya ce, "Kin gani ko?" Na ce na gani, amma na uku jan rai ne. Ya ce, "Yanzu kina da bakin faɗa." Har ya fara murmushi.

Nan ya kamata in tsaya. Ya buɗe baki, na san abin da zai ce, na ga jiniyar tana tahowa. Na riga shi.

Na ce, "Baba, ba sau ɗaya ba ne. Huɗu ne."

Na lissafa masa. Na tagwaye ya gyaɗa kai. Na barkwanci ya ce bai tuna ba. Sai ya ce, "Saura ɗaya." Na ce, "Na direban motar asibiti. Gwangwanin ƙarshe. Ranar aikin idonka ce, ban kalla ba. Ni na kashe jiniyar."

Yaya ta daina motsi a tsakar gida. Baba ya miƙe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Da wankin motar?"

Na ce, "Duka."

Ya ce, "Na ba wa likita labarin nan."

Na ce na sani. Ina kuka a lokacin, irin kukan da nake yi wa matan finafinan mutumin dariya a kai. Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Kin kalla yanzu?" Na ce ranar Litinin, har ƙarshe. Ya lanƙwasa yatsa biyar ya ce, "Ba ni."

Na ba shi. Gadar, harbin, wutar, direban da ya zama shugaban masu kisa ba gaira ba dalili, agogon a cikin ruwa. Ban ƙara ba, ban rage ba, ban ce uffan na ra'ayina ba. Ya lanƙwasa na shida.

Ya ce, "Wannan ne nasa?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Bai yi kyau ba."

Shekara shida ina so in ji wannan maganar daga bakinsa. Na ce, "Baba, in kana so ka riƙe wancan, ba wanda ya sani."

Ya ce, "Ni na sani. Naki ya fi kyau, amma ni fim na ce ki ba ni. Ido na rasa, ba hankali ba. Da kin bar ni na ji haushin mutumina da kaina." Ban san ko ya lura maganar wa ya maimaita ba, ban kuma tambaya ba.

Na tattara jakata, don na zaci an sallame ni. Na miƙa hannu zan kunna masa fitilar ɗaki saboda Yaya in ta shigo da abinci. Ya ji motsina.

Ya ce, "Wa ya ce ki kunna? Sunaye sun wuce ne?"

Na ce ban zo da su ba. Ya ce ba a wayar nan taki kike ganin komai ba? Na nemo, na koma kan kujera. Sun fi ɗari biyu. Na fara karantawa, na tsallake wani dogon suna da na kasa furtawa.

Ya ce, "Uwata, koma baya. Kin tsallake mutum."